Baƙin Lalle a Fuskar Juwairiyya

"Ka faɗa min yadda ta faɗa, kada ka rage min ko kalma ɗaya."

Nu'uman ya sunkuyar da kai yana juya makullin mashin ɗinsa. Suna tsaye a zauren gidan su Juwairiyya da hantsin jajibirin ƙaramar Sallah, zafin bazara ya riga ya fara gasa bango.

"Juwai, maganar manya ce. Kin san Hajiya..."

"Nu'uman."

Ya numfasa. "Ta ce kowa ma yana tuba a cikin azumi. Ta ce ba za ta tura Baffa neman aurenki ba sai ta ga yadda za ki ƙetare Sallah. Gobe ki je ki gaishe ta, ta gan ki da idonta. In ta ga abin da ta gani bara, to in cire ki daga raina, ko ita ta cire ni daga nata."

Juwairiyya ba ta ƙifta ido ba. Ta san abin da Hajiya Saude, mahaifiyar Nu'uman, ta gani bara. Rabin Birnin Gwari ma ya gani.

Bara war haka, ranar Sallah da la'asar, aka tsince ta kwance a bakin titin kasuwa cikin sabon leshi, ɗankwali a gefe, yawu na bin kumatunta. Ita, malamar firamare, 'yar Malam Idrisu mai hatsi. Hajiya Saude na cikin matan da suka rufa mata mayafi.

Ba wanda ya tambayi mafarin abin. Tun ranar da aka tare mahaifinta a daji a hanyar Randagi, aka dawo da gawarsa a bayan a-kori-kura, barci ya ƙaurace wa idonta. Bature mai kemis na bakin tasha shi ya miƙo mata kwalbar farko ta maganin tari mai kodin, ya ce, "Ki sha kaɗan, za ki samu barci." Ta samu barcin. Ta kuma kusa rasa duk sauran abin da take da shi.

Bayan waccan Sallar ta kulle kanta a ɗaki. Ƙawarta Blessing, ma'aikaciyar jinya 'yar Kazage, ita ta zauna da ita cikin amai da karkarwa da ciwon gaɓoɓi, ta ja ta zuwa wurin likita, ta riƙe ta ranar da ta so fasa ƙofa. Tun daga lokacin ko ɗigo bai shiga bakinta ba.

"Ba a azumi na tuba ba," in ji ta. "Ka faɗa mata haka?"

"Na faɗa. Ta ce ba ta ga Sallah ta zagayo ba tukuna." Muryarsa ta yi rauni. "Juwai, ni na yarda da ke. Amma ina tsoron gobe. Gari zai cika da su Bushira da kuka sha tare, ga kewar Baba. Ko ki zauna a gida har a gama shagali, in ce mata ba ki da lafiya?"

"In ɓuya?" Ta yi murmushin da ba na daɗi ba. "Malamin gona, kai ka tafi ka duba manomanka na Saminaka. Ni yau ƙunshi zan je, kamar kowace budurwa a garin nan. Gobe kuma da ƙafata zan shiga gidanku."

Yana tayar da mashin ta koma ciki, ta tarar da Inna zaune a kan tabarma da wata ƙatuwar leda a gabanta. Atamfa ce da takalmi da turare.

"Bature ya aiko da kayan Sallah," in ji Inna, ba ta ɗago ba. "Ya sake zuwa wurin kawunki Mamuda. Ya ce shi a yadda kike yake son ki, ba sharaɗi, ba gwaji."

"A yadda nake, ko a yadda ya mayar da ni?"

"Juwairiyya, ki ji tausayina." Hawaye suka zubo wa Inna. "Na gaji da nuni da baki a gidan suna da gidan biki. Waccan matar ba za ta taɓa karɓar ki ba. Ga wanda ya zo da kansa, ke kuma kina bin inda ake wulaƙanta ki."

Juwairiyya ta durƙusa ta riƙe hannuwan mahaifiyarta.

"Inna, in na shiga gidan Bature, kwalba ce za ta tarbe ni a bakin gado. Ba mata yake nema ba, wadda ba za ta iya barin sa ba yake nema. Gara in tsufa a ɗakinki. A mayar masa da kayansa."

* * *

Gidan Asibi mai ƙunshi ya cika maƙil. 'Yan mata sun baje a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, wasu ƙafafu a leda, wasu hannuwa a sama suna jiran zane ya bushe, kowa leɓe a bushe saboda azumi. Da Juwairiyya ta yi sallama hira ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da ƙaramar murya. Ta nemi wuri ta zauna, kai a sama.

Layi bai zo kanta ba sai da rana ta yi ja. Asibi ta ɗaure mata jan lalle a tafin hannu da ƙafa, sannan ta zana mata baƙi a bayan hannuwa, fure da reshe har wuyan hannu.

"Saura ki motsa," in ji Asibi. "Wannan baƙin da kin taɓa shi ya kama, ko fatar jaki ce. Ba ruwa, ba susa, ba waya. Ko ƙuda ya sauka a hancinki ki ce masa sannu da zuwa."

Aka yi dariya. Juwairiyya ta jingina da bango, hannuwa a shimfiɗe bisa gwiwa.

A gefenta can ta hango Nafisat, ƙanwar Nu'uman, autar Hajiya Saude, wadda ta gama sakandare bara. Ta gaishe ta a kunyace, "Anti Juwai, ina wuni," ta kau da kai da sauri.

Ana dab da kiran magariba Bushira ta shigo tana taku, da jaka a kafaɗa. Tare suka yi makaranta da Juwairiyya, tare suka sha abin da suka sha. Yanzu ita ce 'yar aiken Bature.

"Ah, ustaziya! Ashe ana ganin ku?" Ta zauna dab da ita. "An ce kin mayar wa bawan Allah kayansa. Ke dai ba ki da kirki."

"Bushira, azumi nake."

"Ai ya ƙare. Ba ki ji an ce ko an ga wata ko ba a gani ba gobe Sallah?"

Ladan ya ɗaga murya. Gidan ya kaure da hayaniya. Waɗanda hannunsu ke sake suka shiga ba waɗanda ke cikin ƙunshi ruwa a baki, kamar yadda aka saba duk jajibiri. Maƙogwaron Juwairiyya ya bushe har yana zafi. Ta waiga neman Asibi, Asibi ta shiga ɗaki ɗauko kunu.

"Kawo bakinki," in ji Bushira. Ta zaro gorar zoɓo daga jaka, mai sanyi har tana raɓa. "Duk abin da ke tsakaninmu, ba zan bar ki da ƙishi ba. Ki sha, in samu lada."

Ta buɗe murfin, ta kai gorar bakin Juwairiyya.

Ƙamshin citta da kanumfari ya fara zuwa. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani wari mai zaƙi, mai nauyi, wanda Juwairiyya za ta gane ko a cikin kabari.

Jikinta ya riga ta amsawa. Yawu ya cika mata baki. Wani abu a cikin ƙirjinta da ta ɗauka ya mutu ya miƙe tsaye yana cewa kurɓa ɗaya kawai, ba wanda zai sani, zoɓo ne a idon kowa, kuma gobe Sallah, Baba ba zai shigo da goron Idi yana kiran "Malamata" ba. Kurɓa ɗaya, ki huta.

"Sha mana," Bushira ta raɗa mata. "Ya ce a gaishe ki. Ya ce ya san kin yi kewa."

Bakin gorar ya taɓa leɓenta.

Blessing ta taɓa ce mata, ranar da abin ya taso miki kada ki yi shiru da shi, ki kira sunansa da ƙarfi kowa ya ji.

Juwairiyya ta ɗaga hannun dama ta danne bakinta da bayansa, da ɗanyen zanen da komai. Da na hagu ta make gorar. Ta yi sama ta faɗi a tsakiyar tsakar gida, zoɓo ya fantsama a kan zannuwan mutane.

"Kodin ne!" ta faɗa da muryar da ba ta san tana da ita ba. "Kodin ne a ciki, kuma ba zan sha ba! Ku ji da kyau, ba zan sha ba!"

Gida ya rikice. Masu zagi na yi saboda zanensu ya ɓaci, masu salati na yi. Bushira ta miƙe tana tafa hannu.

"Kun gani ko? Daga taimako! Wallahi a buge ta zo. Ku dubi yadda take rawar jiki!"

Gaskiya ne jikinta na rawa. Asibi ta fito da gudu ta kama fuskarta ta duba, ta saki salati.

"Kin kashe ni, 'yar nan. Ya kama."

Ta wanke da sabulu, ta goga lemon tsami, ta goga toka. A banza. Baƙin lalle ya zauna daram daga leɓen Juwairiyya zuwa haɓa, ya haura kumatun dama.

A cikin wannan hargitsi Juwairiyya ta ga wani abu da ba wanda ya lura da shi. Bushira na fita, ta zaro gora ta biyu daga jaka. Nafisat ta karɓa, ta tura cikin hijabinta. Idonta ya haɗu da na Juwairiyya. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

* * *

Kafin a sauko daga Idi labari ya gama gari: 'yar Malam Idrisu ta koma ruwa, ta bugu a gidan ƙunshi har ta shafe fuskarta da lalle.

"Ba inda za ki," in ji Inna, idonta a kumbure. "In kuma dole ne, ga niƙabi na aro miki. Ki rufe, ki gaishe ta, ki fito."

Juwairiyya ta tsaya gaban madubi. Daren jiya ta kira Blessing, ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta yi alwala ta kwanta, ba ta sha komai ba sai ruwa da kunun Inna. Ta dubi baƙin tabon nan. Ta saka atamfar da ta ɗinka da albashinta, ta kafa ɗauri, ta zizara kwalli.

"Bara an rufa min mayafi saboda abin kunya na yi, Inna. Bana ban yi ba. Me zan rufe?"

Ta ratsa gari a ƙafa, rana tsaka. Yara masu yawon Sallah suka bi ta da kallo. 'Yan acaɓa a bakin tasha suka yi shewa. Bature na tsaye a ƙofar kemis ɗinsa cikin farar shadda. Ta dube shi ido cikin ido har sai da shi ya kau da kai.

Nu'uman na jiran ta a ƙofar gidansu. Da ya ga fuskarta ya yi turus.

"Juwai... abin da ake faɗa..."

"Kai ma tambaya za ka yi?"

Ya dubi idonta, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya matsa gefe ya buɗe mata hanya. "A'a. Shiga. Ina bayanki."

Falon Hajiya Saude cike yake da mata 'yan gaisuwa, ga kulolin tuwon shinkafa da miyar taushe a jere. Juwairiyya ta durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, barkanku da Sallah. An yi Sallah lafiya?"

Hajiya Saude ta gyara gilashinta, ta ƙare mata kallo.

"Yarinya, ko kunya ba ki ji ba? Da wannan fuskar kika ratso gari kika shigo min gida? Na ce in gan ki da idona, to na gani. Uwar Bushira ta zo nan tun da safe ta faɗa min komai." Ta juya ga ɗanta da ke bakin ƙofa. "Kai kuma ka san sharaɗin da na yi maka."

"Hajiya, ku ba ni izini in yi magana," in ji Juwairiyya. "In na gama, abin da kuka yanke shi ke nan, ba zan roƙa ba."

"Faɗi."

"Abin da kuka gani bara gaskiya ne. Na sha, na faɗi a titi, kun rufa min asiri da mayafinku, ban manta ba. Ba zan ce muku abin ya bar ni ba. Jiya da aka kai min shi baki, duk jikina so yake. Har gobe zai so." Hawaye suka gangaro ta kan baƙin tabon, ba ta share ba. "Hannuwana na cikin ƙunshi, na wuni da azumi, aka zuba shi a zoɓo aka ce in buɗe baki da shi. Ba ni da abin toshe bakina sai wannan hannun. Ga shi."

Ta ɗaga hannun dama. Furen da Asibi ta zana ya dame ya zama baƙin dunƙule.

"Da na sha, Hajiya, da yau na zo muku da fuska tas da ƙunshi mai kyau, kuna sa min albarka. Don ban sha ba ne kuka gan ni haka."

Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah."

"Baki ai kowa yana da shi," in ji Hajiya Saude, amma muryarta ta sauka. "Wa zai shaide ki? Asibi an ce tana ɗaki. Nafisat! Ke kina can jiya. Fito nan."

Nafisat ta fito daga ɗaki tana jan ƙafa. Ba ta je Idi ba, an ce ciwon kai. Idanunta sun yi nauyi, tana ta susar hannu. Juwairiyya ta san wannan nauyin ido, ta san wannan susa. Kalma ɗaya za ta faɗa, a ɗaga katifar yarinyar, ta wanke kanta a gaban kowa.

Ta tuna bakin titin kasuwa, da idanun mutane a kanta. Ta dubi matan da ke falon, kowace da bakinta. Ta ja bakinta ta rufe.

"Ke nake tambaya," in ji Hajiya. "A buge take jiya ko ba a buge ba?"

"Ni... ban lura ba."

"Hajiya, ku ƙyale ta," in ji Juwairiyya a hankali. "Yarinya ce, hayaniya ta yi yawa. Na gode da kuka saurare ni. Allah ya maimaita mana."

Ta yunƙura za ta tashi. Nu'uman ya ce, "Juwai!"

Sai Nafisat ta zube a ƙasa, ta rungume ƙafafun Juwairiyya, ta fashe da kuka.

"Gaskiya ta faɗa! Wallahi gaskiya ta faɗa, Hajiya! Bushira ce ta kawo, Bature ne ya aiko ta. Gora biyu ce. Ɗayar... ɗayar ni ta ba. Ni na sha. Tun kafin azumi nake sha. Anti Juwai ta gan ni jiya, kuma ba ta tona ni ba!"

Kofin da ke hannun Hajiya Saude ya suɓuce. Ta dubi autarta, ta dubi matan da suka zuba mata ido. Tsohuwar nan ce ta miƙe ta ce, "To, jama'a, mu ba su wuri," ta kora kowa waje.

Da falon ya rage su huɗu, Hajiya Saude ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa. Wannan matar da ko a gidan rasuwa ba a taɓa ganin hawayenta ba, ta kama hannun Juwairiyya, wanda ya dame ɗin, ta riƙe da hannu biyu.

"A cikin gidana," ta ce. "Ina can ina leƙen gidan wasu." Ta haɗiye kuka. "'Yata, yaya aka yi kika bari? Ki faɗa min. Ban san ta inda ake farawa ba."

"Ba da duka ake farawa ba, Hajiya, ba kuma da ɓoyewa ba. Akwai likita, akwai ƙawata Blessing, ga ni. Za ta sha wuya, za ta zage mu, za ta ce mun tsane ta. Kada ku bar ta ita kaɗai, musamman kwanakin nan na Sallah." Ta ɗago fuskar Nafisat. "Saura nawa a gorar?"

"Rabi."

"Ɗauko. Da hannunki za ki zubar, ba da nawa ba."

Suka fita tsakar gida. Nafisat ta tsaya a bakin makwarara, gorar a hannunta, ta daɗe. Warin ya bugi hancin Juwairiyya kamar jiya. Ta dafa kafaɗar yarinyar, ta tsaya daram. Jan ruwan ya bi rariya ya fice.

Hajiya Saude ta share ido da gefen mayafi, ta juya ga ɗanta.

"Kai kuma ka tsaya kana kallon mutane kamar gunki. Ka je ka ce wa Baffanka ina neman sa yau, ba gobe ba. A je gidan Malam Idrisu tun tabon nan bai goge ba. Ina so duk wanda ya yi dariya ya san da shi na karɓe ta."

Nu'uman ya nufi ƙofa da sauri har yana tuntuɓe da kula, sannan ya waiwayo.

"Malama, in Baffa ya tambaye ni wace ce a cikin 'yan matan garin, in ce masa mai gemun lallen nan?"

"Ka ce masa ita," in ji Juwairiyya. "Ka kuma bi ta bakin tasha, ka faɗa da ƙarfi."